YADDA AKA GANO UWAR JINI

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, in hunturu ya kama akwai gidajen da ba a samun barci. A irin gidajen nan akwai yaro mai ciwon da a ke kira amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila. Da sanyi ya shiga sai ƙasusuwansa su ɗauki sara, hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi ɗorawa, jiki ya ɗashe. Iyaye su ɗauke shi zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Likita ya duba, ya ce jininsa ya yi ƙasa, a nemo wanda zai ba da. A ƙara masa, ya farfaɗo, har ya koma wasa da 'yan'uwansa. Bayan 'yan watanni kuma a koma gidan jiya.

Uban yaro yakan yi tambaya, ya ce, "Likita, jinin da aka sa masa na mai lafiya ne, don me bai zauna ba?" Tambayar nan ta mai hankali ce. Masana sun yi kusan shekara 100 suna bin sawunta, kuma yawancin amsar a jikin ɓeraye aka samo ta.

Inda jini ke fitowa

In aka ɗiga jini bisa gilashi aka duba da madubin likita, sai a ga ashe ruwa ne da ƙananan ƙwayoyi ke yawo a ciki. Ƙwayoyin nan iri uku ne. Akwai jajaye, su ne masu ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sauran jiki. Akwai farare, su ne dakarun da ke yaƙi da cuta. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi, su ne ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Yawancinsu ba su da tsawon rai. Jar ƙwaya takan yi kamar kwana 120 ta mutu, ta mai sikila kuwa daga kwana 10 zuwa 20 ne kurum. Waɗansu fararen ba su wuce kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka jikin babban mutum yakan ƙera jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 cikin kowace daƙiƙa, dare da rana, har iyakar ransa. Jinin da aka ƙara wa yaro ya ƙare ne don kwanansa ya ƙare, maƙerar da ke cikin jikin yaron kuwa tana nan tana ƙera mai aibu.

To, ina maƙerar ta ke? Cikin shekarar 1868 wani likita Bajamushe, Ernst Neumann na birnin Königsberg, ya matso ɓargo daga ƙashi ya duba, ya tarar da jajayen ƙwayoyi waɗanda ba su gama nuna ba. Cikin wannan shekara kuma Giulio Bizzozero na Italiya ya ga haka. Daga nan aka san cewa ɓargon nan da a ke tsotsa in an sami ƙashin miya, shi ne gonar jini. Cikin 1909 wani masani mutumin Rasha, Alexander Maximow, ya tsaya gaban taron likitoci a Balin ya ce dukan ƙwayoyin nan iri uku uwarsu ɗaya ce. Waɗansu suka yarda, waɗansu suka ce kowane iri da uwarsa. Aka yi shekaru ana gardama, ba wanda ya kayar da wani, domin madubi ba ya iya raba wannan gardama. Uwar jini ba ta da wata kama ta dabam. In an duba ta, sai a ce ƙaramar farar ƙwaya ce kamar dubban da ke kewaye da ita.

Manomin Gwaram ya san irin wannan matsala. In aka miƙo masa ƙwayar gero biyu, ɗaya mai rai ɗaya matacciya, ido ba ya raba su. Sai ya binne su cikin danshi, ya jira kwana uku ko huɗu, ƙasa ta faɗa masa gaskiya. Abin da masana suka rasa ke nan, watau gonar da za su shuka ɓargo su ga abin da zai tsiro.

Bam da ɓeraye

Gonar nan ta hanyar masifa aka same ta. Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam na nukiliya a birnin Hiroshima na Japan, ran 9 ga wata kuma ta jefa wani a Nagasaki. Mutane da yawa da wuta ba ta taɓa ba, gini bai danne su ba, sai bayan mako biyu ko uku suka kama zazzaɓi, dasashi na zubar da jini, gashi na zubewa, suka mutu. Da likitoci suka bincika, suka tarar ɓargonsu ya zama kango. Bam ɗin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. In ya yi yawa yakan kashe ƙwayoyin da ke cikin hayayyafa, na ɓargo kuwa suna cikin na farkon mutuwa. Gwamnatocin Amurka da Ingila suka tsorata, suka zuba kuɗi a nemo magani. Masana suka shiga haska ɓeraye, suna auna yawan hasken da ke kashe su. Ɓeran da aka ba cikakken awo yakan mutu cikin mako biyu.

Cikin 1949 Leon Jacobson na Jami'ar Shikago ya yi wata dabara. Ya sa wa ɓera maganin barci, ya tsaga cikinsa, ya jawo saifa waje ba tare da ya yanke jijiyoyinta ba, ya rufe ta da darma, domin hasken ba ya ratsa darma. Sa'an nan ya haska sauran jikin, ya mayar da saifa, ya ɗinke. Yawancin ɓerayen nan suka rayu. Dalili kuwa, saifar ɓera tana taya ɓargo ƙera jini. Cikin 1951 Egon Lorenz da abokan aikinsa, a cibiyar binciken sankara ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, suka bi wata hanya. Suka haska ɓeraye da ɓerayen Masar, sa'an nan suka yi musu allurar ɓargon 'yan'uwansu masu lafiya. Su ma suka rayu.

Nan kuma sabuwar gardama ta tashi. Jacobson ya ɗauka wani ruwa ne cikin saifa da ɓargo ke farfaɗo da ɓargon da ya ƙone. Waɗansu suka ce ƙwayoyin da aka zuba ne suka kafa gida suka hayayyafa. Masana huɗu na Harwell a Ingila, Ford da Hamerton da Barnes da Loutit, su suka yanke hukunci cikin 1956. Cikin cibiyar kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan zarurruka da a ke kira kuromosom, su ne ke ɗauke da duk abin da ɗa ke gada daga iyaye. Mutum yana da 46, ɓera 40. Akwai wani dangin ɓeraye da zare ɗaya nasu ya ke guntu ƙwarai, ana gane shi da madubi, kamar yadda Bafillace ke gane saniyarsa cikin garke da tsagar kunne. Suka ɗebi ɓargon masu guntun zare suka zuba wa ɓerayen da ba su da shi. Da suka warke aka duba, sai ga guntun zaren nan cikin ƙwayoyin da ke hayayyafa a ɓargonsu da saifarsu. Jinin da ke gudana jikinsu na baƙo ne. Gona ta samu ke nan: ɓeran da aka ƙone masa ɓargo, kamar saurar da aka share aka ƙone tana jiran iri.

Ƙullutai a kan saifa

Sanin cewa akwai iri cikin ɓargo dabam, ƙidaya shi dabam. Masu wannan aiki mutum biyu ne a Cibiyar Sankara ta Ontario, a birnin Toronto na Kanada. Ernest McCulloch likitan jini ne, James Till kuwa masanin lissafi da awon haske. Ba uwar jini suka fita nema ba. Nufinsu su auna yadda hasken da a ke ƙona sankara da shi ke cutar da ɓargo mai lafiya.

Ga yadda su ke yi. Su yanka ɓera mai lafiya, su cire ƙashin cinyarsa, su datse kai da gindi, su tura ruwan gishiri da allura ya wanko ɓargon. Su kaɗa shi har ƙwayoyin su rabu ɗaya ɗaya, su ƙidaya su da madubi. Sa'an nan su haska waɗansu ɓeraye da awon da ke kisa, su zuba wa kowane adadin da suka sani ta jijiyar wutsiya, wani kaɗan, wani da yawa.

Wata ranar Lahadi cikin 1960 McCulloch ya je ɗakin bincike ya buɗe cikin ɓerayen da aka yi wa allura kwana 10 da suka wuce. Sai ya ga waɗansu ƙullutai bisa saifarsu, kowane kamar ƙwayar gero. Ya ƙidaya su ya rubuta. Da ya gwada da yawan ɓargon da aka zuba wa kowane ɓera, sai ya ga lissafi ya tafi daidai. Wanda aka zuba wa ninki biyu yana da ƙullutai ninki biyu. Bisa ƙiyasi, kowace ƙwayar ɓargo 10,000 tana ba da ƙullutu ɗaya. Da safe ya kai wa Till takardar. Till ya gane ma'anar lissafin: in da sai ƙwayoyi biyu ko uku sun haɗu kafin ƙullutu ya fito, da adadin bai bi sawun abin da aka zuba haka sak ba. Alama ta nuna kowane ƙullutu daga ƙwaya ɗaya ya tsiro. Suka buga labarin cikin 1961. Dabarar ba ta da tsada. In an jefa saifar cikin wani ruwan magani mai launin rawaya, ƙullutan sukan fito fili, har a ƙidaya su da ido.

Amma alama ba hujja ba ce. Wani almajirinsu, Andrew Becker, shi ya kawo hujjar cikin 1963. Ya haska ƙwayoyin ɓargon da ɗan awo wanda ba ya kashe su duka, sai dai ya kakkarya zarurrukan waɗansu. In zare ya karye ya haɗe, yakan bar tabo, tabon kowace ƙwaya kuwa dabam ne da na sauran, kuma 'ya'yanta sukan gaje shi. Becker ya yi ta yanka ƙullutai yana dubawa. Cikin waɗanda ya sami tabo, kusan dukan ƙwayoyin da ke hayayyafa tabonsu iri ɗaya ne. Ƙullutu mai ƙwayoyi wajen miliyan ɗaya, ashe zuriyar uwa ɗaya ce. Cikin waɗansu ƙullutan kuma ana samun masu zama jajaye, da masu zama farare, da masu haifar 'yan mitsi-mitsin nan, duk a gida ɗaya.

Saura tambaya guda. Gero ba ya zama iri sai in abin da ya haifa shi ma zai tsiro baɗi. Cikin wannan shekara ta 1963 suka haɗa kai da Louis Siminovitch, suka yanko ƙullutai ɗaya ɗaya, suka murje kowane, suka zuba wa sabon ɓeran da aka haska. Waɗansu ba su ba da kome ba, waɗansu suka ba da sababbin ƙullutai masu yawa. Daga nan aka sami ma'anar uwar jini wadda a ke aiki da ita har yau: ƙwaya ce mai haifar jini iri iri, mai kuma haifar irin kanta. Ba wanda ya gan ta a lokacin. Da zuriyarta aka san ta.

Gyaran kuskure

Aka yi wajen shekara 20 ana ƙidayar ƙullutai a ɗakunan bincike na duniya, ana cewa uwayen jini a ke ƙidayawa. Cikin 1982 waɗansu masana uku a Suwizalan, Magli da Iscove da Odartchenko, suka bi ƙullutan kwana da kwana. Suka tarar yawancin waɗanda ke fitowa ran kwana 7 ko 8 sukan ɓace bayan 'yan kwanaki, waɗansu dabam su fito daga baya. Bincike ya ci gaba har aka gane cewa yawancin masu yin ƙullutu 'ya'ya ne da jikoki. Suna da saurin haihuwa, amma ƙarfinsu yakan ƙare cikin makonni. Uwar ainihi mai nawa ce. Takan shige cikin ɓargo ta kwanta, ta yi makonni ba ta rabu biyu ba, kwana 10 bai isa a ga aikinta ba.

Saboda haka aka tsawaita gwaji. Wanda ya gyara hanyar shi ne David Harrison na Ɗakin Bincike na Jackson, a jihar Maine ta Amurka, cikin 1980. Yakan gauraya ɓargon ɓeraye biyu waɗanda a ke iya rarrabe jininsu, ya zuba wa na uku. Ɗaya shi ne wanda a ke gwadawa, ɗaya kuwa ma'auni ne wanda aka san ƙarfinsa. Kamar manomi ne ya zuba irin dawa biyu rami ɗaya, ya jira kaka ya ga wadda ta rinjaya. Dabarar tana da amfani biyu. Ko ɓargon gwaji bai kama ba, na ma'auni zai riƙe ran ɓeran. Sa'an nan ana iya ɗiban ɗigon jini kowane wata a auna rabon kowane, ba sai an yanka ba. Da wannan hanya Harrison ya yi ta gwada ɓargon tsofaffin ɓeraye da na matasa. Sharaɗin da masana suka tsaya a kai daga baya shi ne, ba a kiran ƙwaya uwar jini sai zuriyarta ta kai wata 4 tana ba da jini iri iri, sa'an nan a ɗebi ɓargon wannan ɓera a dasa wa wani, nan ma ta kama.

Ƙwaya ɗaya tak

Da aka sami ma'auni na gaskiya, sai aka shiga tankaɗe. Kowace ƙwaya tana da waɗansu alamu a fatarta. Masana suka haɗa rini mai ƙyalli wanda ke manne wa alama ɗaya kurum, suka kuma ƙera na'ura mai tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya gaban haske, tana jefa kowace cikin kwalbar da ta dace da launinta. Cikin 1988 Irving Weissman da abokansa Spangrude da Heimfeld, a Jami'ar Stanford, suka ware wani kashi wanda bai fi ƙwaya ɗaya cikin 2,000 na ɓargo ba. Ƙwaya 30 daga cikinsa sun isa su ceci rabin ɓerayen da aka haska. Cikin 1996 Hiromitsu Nakauchi da Masatake Osawa, a Jami'ar Tsukuba ta Japan, suka kai abin iyaka. Suka ɗauki ƙwaya ɗaya tak, suka haɗa ta da waɗansu masu gajeren rai don su riƙe ɓeran kafin ta farka, suka zuba. Cikin kowane ɓera biyar, wajen ɗaya ya rayu watanni da jini iri iri daga ƙwayar nan guda. Maganar da Maximow ya yi a Balin ta tabbata bayan shekara 87.

Na ɗan Adam fa? Ba shi yiwuwa a haska mutum don gwaji, garkuwar jikin ɓera kuwa takan kashe ƙwayar mutum nan take. Cikin 1983 Melvin Bosma na Filadalfiya ya ba da labarin wani dangin ɓeraye da a ke haifa ba su da manyan dakarun garkuwa. Irin waɗannan ba su iya korar baƙo. Tun daga 1988 John Dick na Toronto, da waɗansu a Stanford, suka fara dasa ƙwayoyin jinin mutum cikin ɓeraye marasa garkuwa. Cikin 2011 ɗakin binciken Dick ya nuna ƙwayar mutum ɗaya tana ƙera jini iri iri cikin jikin ɓera.

Daga baya har leƙen ta aka yi tana raye. Cikin 2009 masana a Boston suka sa mata rini, suka hango ta da madubi mai ƙarfi ta ƙoƙon kan ɓera, inda ƙashi ba shi da kauri, tana zaune kusa da jijiyoyi da bangon ƙashi. Cikin 2010 aka ɗauki hoton haihuwarta cikin ɗan tayin wani ƙaramin kifi mai jiki garau kamar gilashi, tana ɓallowa daga bangon babbar jijiya. Cikin 2014 da 2015 kuma, a Boston da Heidelberg ta Jamus, aka yi wa ƙwayoyi shaida cikin jikin ɓera mai lafiya, ba haskawa ba dashe. Aka tarar a zaman lafiya 'ya'ya da jikoki ne ke ɗauke da yawancin aikin yau da kullum, uwar tana taimakawa sannu sannu, kamar damin iri da a ke ajiyewa can ƙuryar rumbu.

Ilmin nan an biya shi da rayukan ɓeraye masu ɗimbin yawa. Cikin 1959 Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idodi uku: a nemi abin da zai maye gurbin dabba in da hali, a rage yawan waɗanda a ke amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Yanzu a manyan jami'o'i ba a fara irin wannan gwaji sai wani kwamiti ya duba ya yarda. Tun 1965 da 1966 aka koyi shuka ƙwayoyin ɓargo cikin faranti a Isra'ila da Ostareliya, amma faranti 'ya'ya da jikoki ya fi nunawa. Shaidar uwar ainihi har yanzu sai cikin jiki mai rai.

Daga ɓera zuwa mutum

Likitoci ba su jira ƙarshen binciken ba. Cikin 1957 Donnall Thomas na Amurka ya ba da labarin majinyata 6 da ya zuba wa ɓargon waɗansu. Ba wanda dashen ya zauna masa. Ɓerayen ɗakin bincike an yi ta haɗa su da danginsu har suka zama kamar tagwaye, mutane kuwa kowa da alamun fatar ƙwayoyinsa. In alamun ba su dace ba, ko jiki ya kori ɓargon, ko ɓargon ya juyo ya yaƙi jikin da ya sauka. Thomas ya koma kan karnuka shekara da shekaru, har ya gane cewa dashe yakan kama in an zaɓi ɗan'uwan da alamunsu suka dace. Cikin 1968 aka yi nasarar dasa wa wani jariri marar garkuwa ɓargon 'yar'uwarsa a Minnesota. Thomas ya sami lambar Nobel cikin 1990.

Sikila ta shigo labarin ba da shiri ba. Cikin 1984 likitocin asibitin St. Jude na Memphis suka ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 8 mai sankarar jini, kuma mai sikila. Aka dasa mata ɓargon ƙanenta don sankarar, sai ga shi sikilar ma ta tafi. Cikin 1996 aka buga sakamakon yara 22 masu sikila da aka yi wa dashe daga 'yan'uwansu: 20 sun rayu, 16 sun rabu da ciwon. Cikin 1997 kuma aka samar da ɓeraye masu ɗauke da jinin sikila irin na mutum. A jikinsu Stuart Orkin na Boston ya nuna, cikin 2011, cewa in aka toshe wani makunni guda cikin ƙwayoyin jini, jiki yakan koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Bisa wannan aka gina maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka yarda da shi ƙarshen 2023. Ana ɗebo uwayen jinin majinyacin kansa, a gyara su, a share ɓargonsa da magani mai ƙarfi, a mayar masa. Kafin a taɓa mutum, sai da aka dasa gyararrun ƙwayoyin cikin ɓeraye marasa garkuwa aka jira watanni, don a tabbata har yanzu uwaye ne.

Abin da ya shafi ƙasar Jigawa

Nauyin ciwon nan a ƙasar Hausa, a Jigawa aka auna shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin ke cikin Jihar Kano, kafin a yanki Jigawa cikin 1991. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen, suka buga sakamakon cikin 1979. Cikin manya, fiye da ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon ciwon, watau AS, ba ya kuwa ciwo, har ma gadon yana kāre shi daga mugun zazzaɓi. Cikin jarirai, wajen 2 cikin 100 aka haifa da cikakken ciwon, watau SS. Amma cikin waɗanda suka wuce shekara 9, da ƙyar a ke samun 1 cikin 2,000. Sauran sun rasu tun suna ƙanana, yawancinsu ba a ko san sunan abin da ya kashe su ba, sai a ce wabi ne. Yau da yawa suna girma har su yi aure, saboda rigakafi da maganin zazzaɓi da ƙarin jini. Ana ƙiyasin a Nijeriya ana haifar yara wajen 150,000 da ciwon kowace shekara, ba ƙasar da ta kai ta.

Dashen ɓargo ya iso Nijeriya cikin 2011, sa'ad da Dokta Nosakhare Bazuaye da jama'arsa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, tare da taimakon likitocin Basel ta Suwizalan, suka dasa wa wani yaro ɗan shekara 7 ɓargon wansa. Cikin 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas shi ma ya fara. Amma hanyar tana da ƙunci. Kowane ɗan'uwa shaƙiƙi, damar alamunsa su dace ɗaya ce cikin huɗu, sai kuma ya zama shi ba SS ba ne. Maganin share ɓargo yana iya hana haihuwa, wani majinyacin kuma yakan rasu wajen aikin. Kuɗinsa miliyoyin naira ne. Casgevy kuwa an sa masa dala miliyan 2.2 a Amurka, abin da ko a can ya gagari yawancin mutane.

Ga uban yaro na Gwaram, abin da ɓerayen nan suka koyar ya fi kusa da shi fiye da Benin ko Boston. Aibun yana cikin uwar jini, tun ran da aka ɗauki cikin yaron, rabi daga uba rabi daga uwa. Ba maita ba ce, ba kuma laifin matar gida ita kaɗai ba. Ƙarin jini aro ne, yana ceton rai amma ba ya canja iri. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ko an riga an haifi mai ciwon ko ba a haifa ba. Gwajin da ke bayyana wannan ɗigon jini kaɗan ya ke bukata, ana kuwa yin sa a manyan asibitoci. Dattawa sun san a binciki asali da hali kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. In aka haɗa da binciken jini tun kafin magana ta yi nisa, gidaje da yawa za su sami barci da hunturu.